Yaushe ake samun makaɗi a yi hira da shi?

Ɗan Kazaure: Salamu alaikum. Ran Asabar mai kukuma zai yi wasa a bikin ƙauyenmu. Ina koyon kiɗan, ina so in tambaye shi inda yake samo izgar doki mai kyau, don tawa tsinkewa take yi. Yaya zan tunkare shi?

Baba Mai Kalangu: Yaro, kada ka dame shi yana tsakiyar kiɗa. Ka yi liƙi ko kaɗan ne, ka jira su zauna cin tuwo, sannan ka durƙusa ka gaishe shi. Mu makaɗa muna jin daɗin mai tambayar sana'a.

Yaya daga Ringim: Ƙanena, fara bi ta wurin sanƙiransa ko 'yan amshi, su za su kai ka. Ka tafi da kukumarka ya duba ɗaurin.

Ɗan Kazaure: Na gode, Baba. Zan je tun la'asar.