Firij ya haɗa ƙanƙara amma ya ƙi zubo da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Firijinmu tokumbo ne na Amurka, mai ƙofa biyu, da tiransfomarsa muka saya. Yau kwana biyar injin ƙanƙarar ya ƙi zubarwa. In na leƙa, ga ta nan jere cikin ramukan ta daskare tsaf, bokitin ƙasa kuwa wayam. Jifa-jifa nakan ji ƙas-ƙas, sai shiru. Ga zafin Kubwa, yara sai zarya suke da kofi. Maigida ya ce a sa wuƙa a ɓanɓare, ni dai raina bai kwanta ba.

Wata daga Lugbe: Wa alaikumus salam. Anti, wuƙa kam a'a! Na taɓa yi, na kankare santsin ramukan, tun daga nan ƙanƙara ke mannewa. Ki fara duba 'yar sandar ƙarfen da ke gefe. In tana sama, injin ɗauka yake bokiti ya cika, sai ya tsaya.

Mai gyaran firij, Gwarimpa: Hajiya, ƙas-ƙas ɗin nan ya nuna ba sandar ba ce, injin yana ƙoƙari. Galibin na Amurka suna da hita a ƙarƙashin ramukan. In sanyi ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai hitar ta ɗan ɗumama ƙasan, wasu haƙoran roba kamar mataji su juyo su kwaso ƙanƙarar. Su kike ji suna tura abin da bai saki ba. Ko dai hita ta ƙone, ko an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, aka dawo ta sake daskarewa ta haɗe da haƙoran. Ki zare filogi, ki zuba ruwan ɗumi (ba tafasasshe ba), ki kwashe, ki goge, ki mayar. Firizar ta tsaya a 18 ƙasa da sifili. In ya ci gaba da zubarwa, laifin wuta ne. In ya sake maƙalewa kuma ba a ɗauke wuta ba, hita ce. Amma a auna tiransfomar tukuna: wuta mai ƙarfin volt 120 injin yake so, in wuta ta yi ƙasa hitar ba ta zafi sosai.

Wani daga Nyanya: Ruwan bohal kuke sa masa? Yakan bar farin datti a ramukan. A goge da binega (ruwan khal) da tsumma mai laushi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, na yi yadda ka ce, da magariba na ji ruf, ta zubo, yara har da tsalle. Da asuba ta sake maƙalewa, kuma ba a ɗauke wuta ba. Hitar kaɗai ake canzawa?

Mai gyaran firij: A yawancinsu ɗungurungum ake canza injin, ya fi sauƙi. Ki ɗauki hoton lambar da ke jikinsa kafin a je kasuwa, kada a ba ku na 220.