Ɗigon da ya bugi gangare ya tashi bai fashe ba, mi za mu ce mishi da Hausa?

Jama'a assalamu alaikum. Maganar da munka faro kan kalmar nan ta Turawa "bounce", wadda samari ke cewa bawunsin, ina son mu tsaida ta yau, don ni har yanzu ban yarda da fantsama ba duk da ita ta fi samun magoya baya.

Ga dalilina. In ɗigo ya faɗo bisa abu mai gangare, kwanon rufi ne ko gilashin mota ko ganye, ba abu guda yake yi ba. Wani ya baje ya zauna nan inda ya sauka, wani ya silale ƙasa yana barin sawu, wani ya tarwatse ƙanana-ƙanana, wanga shi ne fantsama ko fallatsa ba gardama. To amma akwai wanda zai baje, ya sake tattaro kanshi ya dunƙule, ya tashi sama sukutum bai fashe ba bai bar ko danshi ba, sai ya dira can gaba ta wajen gangaren. Shi ne ba mu da sunanshi, kuma in munka ce fantsama mun haɗa shi da kishiyarshi ke nan.

Duk mai shakka ya samo ganyen gwaza ya karkata shi, ya tsoma yatsa cikin ruwa ya bari ɗigo ya faɗo daga sama kaɗan. Zai ga ƙwallon ruwa mai sheƙi ya taɓa ganyen ya tashi, ya sake taɓawa ya gangare, ka shafa wurin ka ji shi bushe ƙarau. Ganyen yana da kakin halitta da ƙananan ƙuraje da ido bai gani, iska na maƙalewa tsakaninsu, ruwan bai samun wurin kamawa. Abin na da sauri ƙwarai. Tun 1876 wani Bature ɗan Ingila, Arthur Worthington, yake bin faɗuwar ɗigo da walƙiyar lantarki cikin duhu don ya ga siffarshi, kuma a 2002 masana a Faransa sunka auna cewa ɗigo mai faɗin milimita 2 bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na sakan yana taɓe da irin wanga wuri kafin ya tashi.

Malam daga Jega ya kawo tsalle. Allah shi gafarta Malam, tsalle ta yi faɗi da yawa, kwaɗo ma tsalle yake, kuma ba ta nuna cewa abin ya kuɓuce ba. Hajiya daga Gusau ta ce komowa, to Hajiya in daɓe shimfiɗe yake maganarki ta zauna, amma bisa gangare ɗigon bai komawa inda ya fito, gaba yake yi.

Wadda ta kwanta min ita ce ta Baba daga Argungu: zillo. Ya ce awa kifin da ka damƙa ya murɗe ya zille maka ya faɗa ruwa. Cikin kalma guda ga tashi sama ga kuɓucewa, ga shi abin ya tafi da jikinshi cikakke. Kuma tana juyuwa a baki ba wahala, ɗigo ya yi zillo, zillon ɗigo, ganye mai sa zillo. Baba mun gode, Allah shi ƙara lafiya.

Yanzu mi gangaren ke canzawa, don nan ne ɗalibai ke ruɗewa. Ba duk gudun ɗigon ke dukan wurin ba, wani kaso na dukan, sauran na ja shi ƙasa. In an karkata wuri digiri 60, rabin gudun kawai ke dukanshi kai tsaye, kuma tunda ƙarfin dukan, wanda masana ke aunawa da ma'aunin da suke kira lambar Weber, gudu sau gudu ne, sai ya koma kashi 1 cikin 4. Shi ya sa fantsama ke raguwa bisa gangare, wadda ta samu kuma ta fi yawa ta gefen ƙasa. Manyan ɗigon ruwan sama na saukowa da gudun kusan mita 9 a sakan, in sunka bugi gona tsirara a gefen tudu irin na ƙasar Zuru, ƙasar da sunka watsa ta fi faɗawa ƙasa bisa ga sama, zaizaya ta fara ke nan tun ruwa bai yi gudu ba. Barin kara da ciyawa bisa gona na karya ƙarfin dukan.

Inda abin ya fi damuna shi ne feshi. Ganyen shinkafa tsaye yake kusan, kuma shi ma mai ƙin ruwa ne, manomi a fadamar Argungu ko Suru ko Bakalori ya goya famfo ya buɗe kan feshi yana zubo manyan ɗigo, yana ganin ya yi aiki alhali da yawan maganin zillo ya yi ya faɗa ruwan fadama inda kifi yake, kuɗi sun tafi ƙwari na nan. In malamin gona ya ce mishi "maganinka na fantsama" zai ɗauka watsuwa yake ko'ina, abin so ma ke nan. In ya ce "maganinka zillo yake bai zama bisa ganye", nan take ya gane a rage girman ɗigon, ba har ya zama hazo iska ta kwashe ba, ko a sa abin da ake ƙarawa don magani ya kama ganye.

Abin da ake ƙarawan nan kuwa aikinshi ya raunana ƙarfin da ke sa ruwa ya dunƙule kanshi, wanda Turawa ke cewa "surface tension", ita ce kalma ta biyu da ba mu gama nemo ma Hausarta ba. An kawo yana, ni ban karɓa ba don yana ana yaye ta daga kan kunu a aje gefe, wanga kuwa ba abin yayewa ba ne, ruwan ne da kanshi ke jan junanshi. Na fi karkata ga ɗamewar fuskar ruwa, sai dai ta yi tsawo a bakin mai koyarwa. Malaman kimiyya na sakandare, ku da ke gaban allo kullum, wace kuke faɗa ma yara?