Musayar waƙa: Kenneth Clark da 'yan tsana huɗu

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kan wani baƙar fatar Amurka zan buɗe, masanin halayyar ɗan Adam. Amsa-amonmu "na" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Kan Kenneth Clark zan yi tsokacina.

A 1914 ya zo duniya,
Gefen mashigin Panama aka raɗa suna.

Uwa ta ɗauko shi yana ɗan yaro,
A Harlem ta New York suka zauna.

Ya yi Jami'ar Howard, ya zarce ta Columbia,
1940 ya zam dakta, ku tuna.

Ya jera 'yan tsana huɗu bisa tebur,
Biyu farare, biyu baƙaƙe ya nuna.

Siffarsu ɗaya, ƙyallen jikinsu ɗaya,
Launin fata da gashi kaɗai ya raba 'yan tsana.

Ya gwada yara 253, dukansu baƙaƙe,
Shekara uku zuwa bakwai, ƙanana.

Kusan biyu cikin uku fara suka zaɓa,
Fiye da rabi suka ce baƙar ce mummuna.

Sai aka ce, to wacce ke kama da kai?
Nan wasu suka fashe da kuka mai ƙuna.

Uwar Biyu:
Malam, sannu da aiki, amma dakata,
Ka yaba dami, ka manta da mai gona.

Mamie Phipps, matarsa, 'yar Arkansas,
Ita ta fara haƙo wannan magana.

Tun tana digiri na biyu a Howard
Take bin yadda yaro kan gane "ga launina".

1943 ita ma ta zam dakta,
Columbia ɗin dai, ga goyo, ba hutun rana.

1946 suka buɗe cibiyar Northside a Harlem,
Inda yaro mai damuwa ke samun ƙauna.

Shekara talatin da ɗoriya tana jan ragama,
Har ta yi ritaya ba ta saki amana.

Malamin Firamare:
Hajiya, na karɓi gyara hannu biyu,
Aikin nasu ne su biyu, laifin nawa ne da alƙalamina.

Ɗalibin Lauya:
Malam da Hajiya, ku ba ƙaninku fili,
In kai ku kotu, nan ne fagena.

Lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, su Thurgood Marshall,
Suka nemi Clark ya zo su gana.

1951 ya ɗauki jakar 'yan tsanansa,
Ya gwada yara 16 can South Carolina.

Ran 17 ga Mayu, 1954,
Alƙalan Kotun Ƙoli tara bakinsu ɗaya a wannan rana.

Shari'ar Brown: raba makarantu don launi
Ya saɓa tsarin mulki, Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya bayyana.

A ƙasan hukuncin, sharhi na 11,
Clark aka fara ambata, ni abin ya burge raina.

Baffa Mai Ritaya:
Ɗana, riƙe guɗar tukuna, da saura,
Amarya ba ta tare ba, tana hanya ta kwana.

Kotu ta kayar da doka, gaskiya ne,
Katangar unguwa kuwa ba ta ji magana.

Clark ya waiwayi Harlem inda ya girma,
Ajin baƙaƙe daban, ko da ba dokar da ta hana.

1962 ya tsaya aka kafa ƙungiyar HARYOU,
Don matasan da gari ya bari a rana.

1965 ya fitar da littafinsa Dark Ghetto,
Ya bayyana yadda talauci ke ɗaure mazauna.

Farfesa ne a City College, an naɗa shi,
Ƙungiyar masana halayya ta ba shi rawani da suna.

Baƙar fatar farko da ya hau wannan kujera,
Amma rawanin bai kashe masa ƙishin da ke ƙuna.

Da tsufa ya zo, ya ce faɗuwa ta fi yawa,
Ya rasu 2005, shekara 90, bai dangana.

Uwar Biyu:
Baffa, ka taɓo min inda ke ciwo. Ku yi haƙuri in sake shigowa.

Ran jajibirin Sallah na je kasuwa,
Riƙe da hannun autata, sanyin idona.

Mai tireda ya baje 'yan tsana a faifai,
Ta tsallake baƙa, farar ta nuna.

Na ce, uwata, ga mai kama da ke nan,
Ta ce, Umma, ba ta yi wanka ba, mummuna.

Shekararta biyar, ba ta san Amurka ba,
Ba alƙalin da ya raba mata aji a garina.

A gidan biki ta ji "farar mace alkyabbar mata",
Kuma ta ga man bilicin gaban madubina.

Daren nan na zubar da kwalbar a shara,
Na koma wajen mai tireda da kaina.

Na yi wa baƙar kitso, na ɗinka mata atamfa,
Daga ragowar zanen da ke jikina.

Kwana uku tana gefen katifa ba a taɓa ta ba,
Jiya na leƙa, da su biyun ta kwana.