Ina sauke tumbi amma ƙarfina na zubewa, shin BCAA zai taimaka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar ɗaga ƙarfe. Shekarata 31, shekara biyu ke nan ina zuwa jim. Mako biyar da suka wuce na ɗaura ɗamarar sauke tumbi, na raba abincina biyu na ajiye rabi, na safe ma na daina ci. Daga kilo 92 na dawo 86, har bel ɗina sai da na ƙara masa huda. Wani ya ce in koma ƙananan ƙarafa ina yi da yawa, wai haka ake ƙona kitse, na kuwa koma. Jiya na ce bari in gwada kilo 80 ɗin da nake turawa a benci sau takwas. A na huɗu hannuna ya kama rawa, sai da na kusa da ni ya taimaka ya karɓe. Shi ne ya nuna min gorarsa da wani ruwa shuɗi a ciki, ya ce BCAA ne, wani garin ƙarin abinci da ake jiƙawa a sha, muddin ba na sha to tsokata ce ke narkewa. Abin ya tsaya min a rai, don na sha wuya kafin in tara wannan jikin. In saya ne?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar gora, dubi lissafinka. Kilo 6 a mako biyar ya haura kilo ɗaya duk mako, ka yi gaggawa. Wanda yake son tsokarsa ta tsira, tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa yake saukewa a mako. A wurinka kamar giram 400 zuwa 850 ke nan. Ƙara abinci kaɗan.

Sannan ka koma kan manyan ƙarafanka tun gobe. Jiki ba ya riƙon abin da ba a amfani da shi, musamman lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Nauyin nan da kake turawa shi ne yake shaida wa jiki cewa ana bukatar tsokar. Idan gajiya ta yi yawa rage yawan zagayen, daga biyar zuwa uku misali, amma nauyin ka bar shi yadda yake. Ni ma na taɓa yin irin naka, wata uku ina fama kafin ƙarfina ya dawo.

Mai karatun abinci da lafiya:
Malam, bari in yi maka bayanin abin da ke cikin gorar nan. Furotin da muke ci haɗin amino asid ne guda 20. Tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. BCAA uku ne kawai cikin taran: lusin, aisolusin da balin. Lusin shi ne mai tada aikin ginin tsoka, gaskiya ne, kuma a nan masu talla suka samu abin faɗa. To amma in ka tada magina ka ba su kaya uku cikin tara, da me za su ƙarasa? Sai jiki ya nemo sauran shidan, kuma idan ba su zo ta abinci ba, daga tsokarka zai ciro su.

Duk cikakken furotin yana ɗauke da ukun nan tare da sauran shidan. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30. Abin da za ka sa a gaba shi ne jimillar yini: giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka. A kilo 86, tsakanin 140 da 190. Raba shi ci huɗu, kowanne 35 zuwa 45. Tunda ka raba abincinka biyu, ina kyautata zaton ko rabin haka ba ka samu.

Akwai binciken da aka wallafa a 2016 daga Jami'ar McMaster ta Kanada. Samari 40 aka rage wa abinci da kashi 40 cikin ɗari na tsawon mako huɗu, suna atisaye mai tsanani. Masu cin giram 2.4 na furotin a kowane kilo kullum sun sauke kitse kilo 4.8, naman jikinsu kuma ya ƙaru da kilo 1.2. Masu cin giram 1.2 kitse kilo 3.5 suka sauke, naman jikinsu ya tsaya kusan yadda yake.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Malama. Na zauna na lissafa abin da na ci jiya, bai wuce giram 65 ba. To babu wani gari da ya cancanci a saya ke nan?

Mai karatun abinci da lafiya:
Idan abinci ya kasa cike maka adadin, garin furotin na madara ya fi BCAA nesa ba kusa ba, don duka taran suna ciki. Cokalin awonsa ɗaya yakan ba da giram 20 zuwa 25. Sai kiriyatin, wani sinadari da tsoka ke ajiyewa don samun kuzari, giram 3 zuwa 5 kullum, shi kam an tabbatar yana taimakon ƙarfi. Sikeli zai iya hawa da kilo ɗaya a farko, ruwa ne tsoka ta riƙe, kada ka tsorata. Amma in kana da matsalar ƙoda ko ciwon suga, fara ganin likita kafin ka ƙara furotin ko ka sha wani gari.

Mai aikin dare:
Ɗan'uwa, awa nawa kake barci? Ina tambaya ne don ni nan na ci karo. A Jami'ar Shikago an gwada mutane masu rage abinci, aka wallafa sakamakon a 2010: da aka mayar da barcinsu awa biyar da rabi maimakon takwas da rabi, kitsen da suka sauke ya ragu da fiye da rabi, naman jiki kuma ya fi zubewa.

Mai tambaya:
Wallahi da ƙyar nake yin awa biyar, yunwa ce ke tada ni tsakar dare. Na fasa sayen BCAA ɗin. Daga gobe zan dawo da cin safe, in sa ƙwai huɗu a ciki. Yaya, a benci in koma 80 kai tsaye ko in bi a hankali?

Tsohon hannu:
Fara da 72.5, sau shida, zagaye uku. Duk mako ƙara 2.5 in ya tafi lafiya. Kuma kada ka kwanta ƙarƙashin ƙarfen nan sai da wani tsaye a kanka.