Neman Shawara: Kwana Ɗaya a Jidda Kafin Mu Shiga Jirgin Ruwa

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, musamman mazauna Saudiyya da waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya. Ni da maigida da mahaifiyarsa mun biya kuɗin jirgin ruwan yawon shaƙatawa da zai tashi daga Jidda a watan Janairu, ya zaga Bahar Maliya, ya tsaya Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, sannan ya dawo da mu Jidda. Ranar Juma'a da yamma zai ɗaga. Mu kuma jirgin samanmu zai sauka ranar Alhamis da hantsi, in Allah ya yarda, ke nan kwana ɗaya za mu yi a gari.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne inda za mu kama otal, kusa da filin jirgin sama ko kusa da tashar jiragen ruwa. Ina so kuma Hajiya, surukar tawa, ta ɗan ga gari ta ci abinci mai kyau, domin sau uku tana zuwa ƙasar amma daga filin jirgi sai motar Makka, ba ta taɓa taka cikin Jidda ba. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Maigida kuma ya ce tun da ga mu ga Makka, mu yi umra a daren Alhamis mu dawo kafin asuba. Ni dai hankalina bai kwanta da hakan ba. Yaya kuka gani?

Baban Ilham, mazaunin Jidda

Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu. Allah ya kawo ku lafiya. Kada ki kama otal kusa da filin jirgi. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana can arewacin gari, tashar jiragen ruwa kuma tana kudu, dab da tsohon gari da ake kira Al-Balad, tsakaninsu ya kai kilomita 20 ko ya ɗara. Gara ku yi wannan doguwar tafiyar ranar Alhamis da rana, lokacin da babu mai jiran ku, ku wayi gari ranar Juma'a kuna kusa da jirginku. Ki duba otal-otal na unguwar Al-Hamra. Tana bakin teku, kuma daga can zuwa Al-Balad ko tashar ba wata tafiya ba ce a mota. Manhajojin kiran mota na Uber da Careem duk suna aiki a nan.

Galibin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 3 ko 4 na yamma. Tun da da hantsi za ku sauka, ki rubuta musu tun yanzu cewa kina tare da dattijuwa, kina roƙon a ba ku ɗaki da wuri. In ma bai samu ba, za su ajiye muku kaya. Ki tuna agogonmu yana gaban na Najeriya da awa 2.

Maganar ganin gari, ki bari sai bayan La'asar ku nufi Al-Balad, don da rana wurin kamar an yi shara, sai yamma yake farkawa. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman bin Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda tashar Makka, kuma ta wannan gari alhazan da suka tsallako teku, har da kakanninmu da suka bi ta Sudan, suka riƙa shigowa. A 2014 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Za ku ga dogayen gidaje da aka gina da duwatsun teku, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda suka turo kai saman lungu, iska na shiga amma na waje ba ya ganin na ciki. Ku je gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925 da ya shiga Jidda. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar darbejiya, irin tamu ta gida sak. Duk baƙon da na kai wurin daga Arewa sai ya tsaya ya tsinki ganyen ya murza ya shinshina. Ina jin Hajiya za ta ji daɗin zama a gindinta ta huta. Kasuwar Alawi tana nan kusa in kuna son turare ko dabino, ga kuma masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi tsufa a garin, ku yi Magariba a can.

Saboda gwiwar Hajiya, kada ku ce za ku zaga ko'ina. Mota ba ta shiga yawancin lungunan. Awa ɗaya da rabi ta ishe ta.

Anti Nas, Zariya

'Yar uwa, kafin otal da yawo, ki duba bizarku yau ɗin nan. Jirginku zai fita daga Saudiyya ya shiga Masar ya dawo, wato sau biyu za ku shiga Saudiyya. In bizar ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare ranar da jirgin ya bar Jidda. Ki rubuta wa kamfanin jirgin, ki faɗa musu fasfon Najeriya gare ku, su ba ki amsa a rubuce kan bizar Saudiyya da ta Masar. Kada ki tsaya ga "ai babu matsala" ta ejan. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, kuma kowa ya riƙe katin allurar rigakafin cutar shawara, don ƙasashen biyu suna neman sa ga wanda ya fito daga Najeriya.

Magungunan Hajiya su zauna a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita. A tashar ruwa ana karɓar manyan akwatuna tun a ƙofa, ba za ku sake ganinsu ba sai an kai su ƙofar ɗakinku, wani lokaci sai dare.

Alhaji na Sabon Gari

Ni ina bayan maigidanki. Mutum ya zo har Jidda, Ka'aba na nan kilomita 80 ko ƙasa da haka, ya kwana a otal? Ga jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, daga tashar Sulaimaniyya zuwa Makka bai kai awa ɗaya ba. Ku ɗaura harami tun cikin jirgin sama kafin a wuce miƙati, ku nemi izini a manhajar Nusuk, shi ke nan. Ba a san gawar fari ba.

Maman Sadiq, Kano

Alhaji, Allah ya saka da alheri, niyyarka mai kyau ce, amma ka dubi Hajiya. Ba tafiyar jirgin ƙasan ce wahalar ba. Mace mai ciwon gwiwa, ta kwana a hanya, ta yi layin shige da fice, a ce kuma a daren ta yi ɗawafi ta yi sa'ayi zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa, wanda shi kaɗai ya kai kusan kilomita 3? Kuma daren Alhamis ne wayewar Juma'a, farkon hutun mako a can, Harami cike yake maƙil. Ko an tura ta a keke, za ta shiga jirgin ruwa a gajiye, ta kwashe kwana biyu a kwance, kuɗin da kuka biya ya tafi a ɗaki. Tun da Jidda jirgin ruwan zai dawo da ku, ku ƙara kwana biyu ko uku a ƙarshe ku tafi Makka a natse. Yadda za ku ɗaura harami daga teku kuwa, maigida ya tambayi malami tun kafin ku tashi.

Wani abu da ya same mu bara: mun bi ta wata ƙasa muka canja jirgi, muka sauka Jidda babu akwatin maigidana. Na tsaya gaban bel ɗin kaya yana ta juyawa har ya zama babu komai a kai sai wani kwali ɗaure da igiya. Sai washegari da safe aka kira mu ya iso. Da ranar tashin jirgin ruwan muka sauka, da haka zai yi mako guda da kaya ɗaya a jikinsa. Saboda haka ki sa wa kowa kayan canji na kwana biyu a jakar hannu, kuma ki bar safiyar Juma'ar nan babu wani shiri a cikinta.

Baban Ilham, mazaunin Jidda

Gaskiyar Maman Sadiq ce. Na manta da maganar abinci. A Al-Balad ku nemi mutabbaƙ, wani siririn fulawa ne da ake naɗe ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganyen albasa a ciki, a soya a gabanku a yanka murabba'i-murabba'i, a ba ku da lemun tsami. In kuma kifi kuke so, Jidda gidansa ce: ku ce a ba ku najil ko hamur da shinkafar sayadiyya, wadda ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi ja. Maigida zai so ya ɗanɗana siriyya, tsirenmu ne na Hausa da ya zauna a Hijaz har sunan ya ɗan sauya a bakin Larabawa. Al Baik kuwa, gidan sayar da soyayyen naman kaza, a nan Jidda aka kafa shi a 1974, amma daren Alhamis layinsa sai mai haƙuri.

Bayan Isha'i ku biya bakin tekun Al-Hamra ku ga maɓulɓular Sarki Fahad. Tun 1985 take aiki, tana harba ruwan teku sama kusan mita 300, fitilu na haska shi. Akwai wuraren zama, Hajiya ba sai ta yi tafiya ba.

Ranar Juma'a da safe kusan duk shaguna a rufe suke sai bayan an sauko daga masallaci, don haka sayayya da canjin riyal ku gama su ranar Alhamis. Tashar kuma babbar tashar kaya ce, ba a shiga da ƙafa, kuma ba kowace ƙofa ake bi ba. Ki duba takardar shiga jirgi, a nan ake rubuta wurin haɗuwa da lokacin da aka ba ku, ki nuna wa direba. Ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi, kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Ummu Khalil, Abuja

Ki nemi keken tura marasa lafiya tun yanzu, daga kamfanin jirgin sama da na jirgin ruwan duka, don tafiya daga inda ake duba takardu zuwa cikin jirgi tana da tsawo. Kada ki ɗauki dutsen guga ko butar dafa ruwa ta lantarki, ana karɓe su a ƙofa. In jirgin Aroya ne, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, abincinsa halal ne kuma ba a sayar da giya. In na wani kamfani ne, ki tambaye su tun da wuri.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Anti Nas, kin taimake mu, na ɗauko takardun na duba, ta shiga ɗaya aka nema mana, gobe da safe maigida zai koma wurin ejan. Na karanta masa abin da Maman Sadiq ta rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce a ɗaga tikitin dawowa da kwana uku mu yi umrar a ƙarshe. Hajiya kuwa da ta ji maganar darbejiyar nan sai ta ce lallai a kai ta ta gani da idonta. Baban Ilham, don Allah a wace ƙofa ya fi dacewa mota ta sauke mu a Al-Balad, yadda tafiyar zuwa gidan Nasif ba za ta yi mata nisa ba?