Neman kalmar Hausa: me za mu kira tayar da mota da batirin wata motar?

Mai Shirin Direbobi:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina gabatar da shirin rediyo na minti 30 ranar Asabar da safe domin direbobi da masu motocin gida, kuma dole in miƙa rubutun wannan makon kafin sallar Juma'a. Batun da na ɗauka shi ne yadda sauraren rediyon mota injin yana kashe yake shanye batir, da abin da ya kamata mutum ya yi idan hakan ta same shi. Ni ma ta same ni makon jiya. Na kai mahaifiyata asibiti, na zauna a mota kusan awa uku ina jiranta, makulli yana matakin farko, na saurari labarai, sannan na haɗa wayata ta Bluetooth ina jin karatu. Da ta fito na murɗa makulli, sai wani ƙas-ƙas-ƙas kawai nake ji, fitilun gaban sitiyari suna dusashewa. Motar otomatik ce, ba a tura ta. Wani bawan Allah ne ya matso da motarsa hanci da hanci da tawa, ya fito da wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, masu baki kamar na kada, cikin minti biyar motata ta tashi.

Turawa suna kiran wannan aiki "jump start". Ina neman kalmar Hausa ta aikin, da sunan waɗannan wayoyi, sannan ina so in ji ko "rediyon mota" ya isa ya ɗauke dukan kayan sautin da ke cikin motocin yanzu.

Mai Wayarin Mota:
Wa'alaikumus salam, Malama. A gareji abin da muke cewa shi ne "jona batir", kuma duk direban da kika gaya wa haka zai gane ki nan take. Amma kafin a kai ga wannan, ina roƙonki kada ki ce "mataccen batir" a shirinki. A wajenmu batirin da rediyo ko fitila ta shanye ya yi sanyi ne, bai mutu ba. Wanda ya mutu shi ne wanda ba ya riƙe caji kwata-kwata, ko an jona shi motar ta tashi, da an kashe ta zai koma gidan jiya. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, gida shida ne a cikinsa, idan ya cika na'urar awo takan nuna wajen 12.6, idan kuma injin yana aiki altaneta tana cajinsa takan nuna kusan 14. Naki sanyi ya yi.

Ɗalibar Fassara:
Ina ganin "aron wuta" zai yi daɗin faɗi a rediyo, tunda wutar batirin wani ake amfani da ita na ɗan lokaci. Wayoyin kuma sai a ce "wayoyin aron wuta". Na fara tunanin "ba mota wuta", amma na janye.

Direban Tirela:
Gara da kika janye, 'yata. Duk direban da aka ce masa ya ba mota wuta, totur zai taka. Idan aka ce "ƙara wuta" ma gudu ake nufi. Kuma Malama mai shiri, ki gargaɗi mutane cewa manyan motocinmu bolt 24 suke amfani da shi, kada wani ya tare tirela a hanya ya ce a jona masa ƙaramar motarsa kai tsaye, domin zai ƙone kayan wutar motar, har da rediyon da ake magana a kai.

Tsohon Malamin Nahawu:
Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. Ana neman kalmar Hausa, amma amsar farko da aka bayar kalmomi biyu ne na Turanci da aka sa musu babbar riga: "jona" da "batir". Shekara 35 na yi ina koyar da Hausa, kuma abin da na gani shi ne duk lokacin da sabon abu ya zo, sai mu miƙa hannu mu ɗauko sunansa daga bakin Bature kamar harshenmu ba shi da tsarin gina kalma. Muna da ɗafa-goshi na ma- da muke gina sunan kayan aiki da shi, kamar mabuɗi da madubi da ma'auni. Saboda haka batir shi ne "ma'ajin wuta". Aikin da ake tambaya kuwa farfaɗo da abin da ya suma ne, don haka sunansa "farfaɗarwa", wayoyin kuma "mafarfaɗai", tilonsu "mafarfaɗi". Na daɗe ina amfani da waɗannan kalmomi a rubuce-rubucena, kuma ina ganin lokaci ya yi da gidajen rediyo za su karɓe su.

Game da shawarar ɗaliba, akwai gyara. Aro shi ne abin da ake mayarwa shi kansa, kamar tabarma ko tsani. Abin da ake cinyewa a biya da irinsa rance ne, kamar kuɗi ko hatsi. Wutar da aka ja daga motar wani ba a mayar da ita, ba a kuma biyan ta, saboda haka ba aro ba ce, ba rance ba ce.

Ɗalibar Fassara:
Na karɓi gyaran aro da rance, Allah ya gafarta Malam, kuma na gode. Amma "ma'ajin wuta" yana da matsala, domin ma'aji a kunnen jama'a mutum ne mai riƙe kuɗin ƙungiya ko na hukuma. Sannan "mafarfaɗi" ya yi kusa da farfaɗiya ƙwarai, ina tsoron mai sauraro zai ɗauka shirin lafiya ake yi.

Tsohon Malamin Nahawu:
Kusancin sauti ba hujja ba ne. Kunne yana sabawa. Wa ya san "jirgin sama" kafin a ƙirƙire shi? Kakanninmu jirgin ruwa kawai suka sani, amma masu hikima suka faɗaɗa kalmar, yau babu wanda yake jin ta baƙuwa. Larabawa suna da majalisar kula da harshe a Alƙahira tun 1932, Tanzaniya ta kafa majalisar Swahili a 1967, mu kuwa mun bar wa gareji da tasha aikin da ya kamata masana su yi. Harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi daga Kano har Sudan bai cancanci a riƙa ciyar da shi da ragowar Turancin gareji ba.

Mai Wayarin Mota:
Ranka ya daɗe, ina ganin girmanka, kuma ka haife ni, amma maganar "ragowar Turancin gareji" ta yi mini zafi. Mu ne muke ƙona hannu da ruwan batir kullum, mu ne muke koya wa yara wannan sana'a da Hausa tun daga safe har magariba, kuma ba mu taɓa rasa kalmar da za mu fahimci juna da ita ba. Birki da giya da kuloci da taya duk daga gareji suka shigo, kuma na tabbata kai ma da su kake magana da bakanikenka. Idan mace ta tsaya da mota da dare a hanyar Zariya ta tare wani ta ce ya taimaka mata da mafarfaɗi, zai tsaya yana kallonta ne. Idan ta ce a jona mata batir, zai buɗe bonet.

Ɗan Maraɗi:
Ina tare da Malam a rabi, ina tare da maigidan gareji a rabi. Abin da 'yan'uwanmu na Najeriya suke mantawa shi ne rediyo ba ta san iyaka ba, muna kama tashoshinku a nan. Makanikanmu da Faransanci suka koyi sunayen kayan mota, wayoyin nan ma "kabul" muke ce musu, kuma "jona" ba kowane dattijo ba ne zai gane ta a wajenmu. Idan an samu kalmar da ta fito daga cikin Hausa, ta kowa ce. Sai dai batir kam a bar shi, domin mu ma batiri muke cewa. Larabawan da Malam ya kawo misali da su "baɗɗariyya" suke kiransa, masu Swahili kuma "betri", majalisunsu ba su hana su ba.

Tsohon Malamin Nahawu:
Kuskuren wasu ba ya zama mana hujja. Amma na ji daɗi da ka nuna cewa aro daga Turanci yana raba Hausawa gida biyu, wannan ita ce maganar da nake yi tun farko.

Mai Shirin Direbobi:
Malamai, ina roƙon a dawo kan tambayata, domin yau Laraba ce. Maganar majalisar harshe tana da muhimmanci, amma ba za a kafa ta kafin Juma'a ba.

Hajiya Mai Motar Haya:
'Yata, ni ban yi karatun fassara ba, amma bari in faɗi abin da ya zo mini. Muna yara, idan wutar murhu ta mutu da asuba, akan ba yarinya guntun kasko a ce ta je maƙwabta ta ɗebo wuta. Garwashi biyu ko uku take kawowa, a sa a cikin kara a hura, daga nan wutar gidan ta ci gaba da ci da itacenta. Ba a mayarwa, ba a biya, kuma wutar maƙwabta ba ta raguwa. Har yau idan baƙo ya zo bai zauna ba mukan ce kamar ya zo ɗiban wuta. Direbobina sun sha yin wannan aiki a gabana, kuma ban ga bambanci ba: ɗan abin da zai tayar da injin ake ɗebowa, sauran aikin na motar ne. Me zai hana a ce "ɗiban wuta"?

Ɗalibar Fassara:
Hajiya, wannan ta fi tawa nesa ba kusa ba. Tana kuma juyuwa yadda ake so: na ɗebo wuta daga motar maƙwabcina, zo ka ɗebi wuta, wayoyin ɗiban wuta. Wasu za su ce "ɗibar wuta", amma duka biyun ana jin su.

Mai Wayarin Mota:
Ma'anar ta dace da aikin, ban musa ba, domin bayan an cire wayoyi altaneta ce take ci gaba da cika batir, shi ya sa muke cewa kada a kashe motar nan da nan, a yi tafiyar kamar rabin awa da ita. Amma kalma mai daɗi ba za ta hana batir fashewa a fuskar mutum ba, don haka Malama ki karanta musu tsarin a hankali. A kashe motocin biyu, kada jikinsu ya taɓa juna. Jar waya a kan batirin da ya yi sanyi, wajen alamar tarawa, ɗaya bakin nata a alamar tarawa ta batiri mai lafiya. Baƙar waya a alamar ɗebewa ta batiri mai lafiya, bakinta na ƙarshe kuma a kan wani ƙarfe marar fenti na injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batirin, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, kuma a wannan haɗin na ƙarshe ne tartsatsi yake tashi. A tayar da mota mai lafiya, a jira 'yan mintoci, sannan a gwada ɗayar. Wajen cirewa a fara da wadda aka sa ƙarshe. Ki kuma hana su abin da ake yawan yi a bakin hanya, wato a sa batirin wani a tayar da mota sannan a zare shi injin yana aiki, wannan yana lalata altaneta da kwamfutar mota. Wasu rediyoyin, kamar na tsofaffin Honda, idan wuta ta yanke musu gaba ɗaya sukan kulle su nemi lambar sirri, don haka mai mota ya adana lambar tun kafin ranar.

Kayan sauti kuwa, ki bar su a "rediyon mota" da "lasifika". Ko da babu kaset babu faifai, haka kowa yake kiransu.

Tsohon Malamin Nahawu:
"Amsa-kuwwa" ake cewa, ba lasifika ba. Game da "ɗiban wuta", Hausa ce tsantsa, ba zan ce ba Hausa ba ce, ko da yake bayani ce ba kalmar fannu ba, kuma har yanzu ina ganin "farfaɗarwa" ta fi ta dacewa da rubutun ilimi. Idan za a yi amfani da ita a rediyo ba zan hana ba, amma kada a haɗa ta da "jona".

Mai Shirin Direbobi:
Na gode muku duka, musamman Hajiya. Ga abin da zan rubuta: "ɗiban wuta daga batirin wata mota", da "wayoyin ɗiban wuta", da "batir ya yi sanyi". Allah ya gafarta Malam, ka yi mini haƙuri, zan ambaci "jona batir" sau ɗaya a farkon shiri domin wanda zai je gareji ya san abin da zai faɗa, kuma batir zai zauna a batir. Amsa-kuwwa a kunnena ta masallaci ce da ta taron siyasa, ban taɓa jin an kira na ƙofar mota haka ba, saboda haka zan ce lasifika.

Tsohon Malamin Nahawu:
Shirinki ne. Zan saurara ranar Asabar, kuma zan rubuto miki a kan amsa-kuwwa.

Ɗan Maraɗi:
Malama, idan akwai sarari a rubutun, ki ƙara "kabul" a wajen da kika ambaci "jona", saboda masu sauraro na wannan ɓangaren.