Ubuntu ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta, kuma a kan LVM take

sabon_shiga:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Akwai tsohuwar kwamfuta a shago da na sa wa Ubuntu Server 22.04, wajen sawa na bar ta a kan LVM (tsarin da ke raba diski gida-gida, kowane gida ana ce masa volume) yadda ta zo. Jiya da daddare ina cikin apt upgrade (sabunta manhajojinta) aka ɗauke wuta, ga batirin UPS ɗin ya daɗe da mutuwa, yau da safe na kunna sai baƙin allo wai /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv does not exist, ta ajiye ni a initramfs (ƙaramin tsarin da ke fara tashi kafin ainihin Ubuntu) tana jira. Lissafin shago duk yana ciki wlh. Fomatin kawai zan yi ko da wata dabara?

mai_waya:
Kar ka kuskura ka yi fomatin malam, kayanka na nan daram, ƙofar ce ba a buɗe ba. Nan inda ta tsaya rubuta lvm vgchange -ay, in ta ce volume ya zama active sai ka rubuta exit, galibi za ta wuce. Tana shiga ka yi sudo dpkg --configure -a don ta ƙarasa abin da wuta ta katse, sannan sudo update-initramfs -u -k all, in ba haka ba gobe ma nan za ka dawo.

sabon_shiga:
Na gwada, cewa ta yi lvm: not found

tsohon_hannu:
To initramfs ɗin sabon kernel (zuciyar Ubuntu ɗin) ne bai gama ginuwa ba. Sake kunnawa ka danne Shift, ko ka riƙa danna Esc in UEFI ce (tsarin da ya maye gurbin BIOS), GRUB, wato menu na zaɓen abin da zai tashi, zai fito, shiga Advanced options ka zaɓi kernel na baya. In shi ma ya ƙi sai filashi mai Ubuntu da chroot (ka tashi daga filashin ka shiga Ubuntu na diskin ka gyara), amma ka tuna /boot, inda kernel yake, partition ne daban, ba ya cikin LVM, sai ka yi mount ɗinsa (ka haɗo shi) shi ma, nan mutane ke yawan faɗuwa su gyara iska. Kuma in ka ga wani a bidiyo yana cewa vgreduce --removemissing kar ka taɓa, wannan na wanda diski ya mutu masa ne, ni na taɓa asarar volume guda a kansa.

sabon_shiga:
Alhamdulillah tsohon kernel ya tashi! Na bi umarnin biyun na mai_waya (dpkg da update-initramfs), na kashe na kunna sau uku lafiya lau. Yanzu haka ina kwafe lissafin a wani diski. Allah Ya saka da alheri. Batirin UPS kuma 12V 7Ah ne a ciki, mai 9Ah zai zauna a gurbinsa?